Yadda Na Koya wa Alhaji Sharifu Ajiye Cokali

Duk unguwar Tahaggart babu wanda bai san ina jin Faransanci ba. Wanda ban gaya wa ba, ya ji a bakin wanda na gaya wa. Sunana Illo, mutumin Tasawa, ina da rumfar butoci da kofunan shayi a kasuwar Tamanrasset, can cikin hamadar Aljeriya. Lekkol, makarantar bokon Faransa, na yi, ba na musu, sai dai ban daɗe ba: na shiga ta ƙofa na fita ta taga, amma ƙamshin abin ya kama rigata. Sauran ilimin a kan duwatsu na samo shi, shekarar da na yi wa wasu Faransawa masu yawon buɗe ido dakon kaya, ina wanke musu farantai ina kallon bakinsu.

Abin ya faro ne a ƙofar shagon Tasi'u tela, taubashina, inda muke shan shayin la'asar. Alhaji Sharifu ya zo ya zauna. Shi ne mai gidan da nake haya, Badamagare, dillalin dabino, mutum mai tumbi da kwarjini. Ya ce ya gaji da rairayi, bana zai kai matarsa Hajiya Jannatu hutu Alje, babban birni, su ga teku da idonsu.

"Abu ɗaya ke damuna," in ji shi. "Larabcina na kasuwa ne. An ce manyan otel na can, in ba ka iya Faransanci da cin abincin tebur ba, kallon ɗan ƙauye ake maka. Zan tafi da mutum ɗaya ya zama bakina. Kujerarsa a jirgi da ɗakinsa duk a kaina."

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na randa faɗi ba, jirgi kuwa sai dai in ɗaga kai hulata ta faɗi! Na ajiye kofi.

"Alhaji, ka daina nema. Bakinka ga shi nan zaune a gabanka."

Tasi'u ya leƙa bayana. "Ina? Butar ce za ta yi magana?"

"Kai dai ka ji da zare. Ni na ci abinci da Faransawa."

"Ka ci abin da suka rage."

"A faranti ɗaya dai ko?"

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce shi ba ya ɗaukar kaya sai ya kwance bakin buhu ya duba. In koya musu a cikin makon nan, ranar Asabar kuma mu je wani babban otel da ke kan hanyar Abalessa mu ci abincin rana. In aka fito ba a ji kunya ba, kujerar tawa ce.

Kafin magariba na gaya wa mai nama, da mai gawayi, da direbobin tasha cewa na kusa tafiya teku. Mai gawayi har ya roƙe ni in zo masa da ruwan a kwalba.

Da na shiga gida matata Laure tana tankaɗe. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baban Raliya, Faransancin da ka yi wa jandarma a kan iyaka ya sa aka sauke mu daga mota, shi za ka koya wa Alhaji?"

"Wancan jandarman bai yi karatu mai zurfi ba."

"To. Allah ya ba da sa'a."

Washegari na kafa makaranta a tsakar gidan Alhaji. Ɗalibai biyu, shi da Hajiya, sai ragonsa da ke ɗaure a gindin bango. Laure ta zo wai taya Hajiya tsince shinkafa.

"Faransanci," na ce, ina zagaye su hannu a baya, "ba a baki yake ba. Rabi a maƙoshi yake, rabi a hanci. Baki ɗan rakiya ne. Mu Hausawa in za mu ce 'ra' harshe muke kaɗawa. Su kuwa daga can ƙasa suke tono ta, kamar mai kakin majina amma ya ji kunyar tofarwa. Alhaji, ce mersi, wato na gode."

"Marsi."

"Wannan na Damagaram ne. Laure, kawo ruwa."

Na ba kowa kofi, na ce su ɗaga kai sama su kurkure maƙoshi, su faɗi kalmar ruwan na ciki. Alhaji ya ɗaga kai. Ƙarar da ta fito ban taɓa jin irinta ba sai ranar da raƙumin wani ya ƙi tashi a kasuwa. Ragon ya amsa masa. Hajiya ta sarƙe, ruwa ya fito ta hanci.

"Madalla, Hajiya!" na ce. "Kin gano hanyar hancin tun ban koya ba."

Daga nan muka shiga bonjur, gaisuwarsu. Na ce 'bon' ɗin ba a rufe shi da harshe, a hanci ake barinsa ya yi ta yawo. Don abin ya zauna, na ɗauko matsen shanya na Hajiya na maƙala wa kowa ɗaya a hanci. 'Jur' kuma a turo leɓe gaba kamar mai hura gawayi.

Muna cikin haka, Alhaji da matse a hanci, leɓe a ture, kai a sama yana gurnani, sai sallama. Malam Abdurrahman ne mai makarantar allo, da carbi a hannu, bayansa mata huɗu na makwabta suna leƙe.

"Subhanallahi! Tun yaushe ya kama shi?"

"Wa, Malam?"

"Matan nan sun ce tun hantsi ake jin muryar da ba ta bil'adama ba. Ku riƙe mini ƙafafunsa."

Alhaji ya so ya yi bayani, amma da matse a hanci abin da ya fito ya ƙara wa Malam tabbaci. Sai da ya sha tofi a fuska kafin ya fizge matsen ya ce, "Malam, karatu muke yi!"

Malam ya dube ni sama da ƙasa. "Illo ne malamin?"

"Ni ne."

"To ku bar ruwan tofin nan, za ku buƙace shi."

Kwana biyu haka har mersin Alhaji ta nuna. In ya faɗe ta, tattabaru na tashi daga soro. Sai muka koma kan tebur. Na aro teburin guga na Tasi'u, na shimfiɗa zanen gado, na jera wuƙa da cokali mai yatsu.

"Yanzu ku buɗe kunne, nan ne sirrin yake," na ce. "Ɗan ƙauye in ya kama cokali ba ya saki sai faranti ya yi fes. Babban mutum kuwa, loma ɗaya zai kai, sai ya haɗa wuƙa da cokali, ya kwantar da su gefe da gefe a tsakiyar faranti kamar ango da amarya. Ya jingina da kujera. Ya dubi sama. In garso ya zo, wato mai kai da kawo abinci, ya ce masa mersi. Da idona na ga wata Madam tana yi, kullum, kuma duk wurin ita aka fi girmamawa."

Hajiya ta ce, "Loma ɗaya? To yaushe ake ƙoshi?"

"A hankali, Hajiya. Yunwa ba a nuna ta. Kuma daga ƙofar otel an bar Hausa a waje tare da takalmi. Wanda magana ta kama ya raɗa mini a kunne."

Na kuma ba Alhaji shawara kada ya karya kumallo ranar Asabar, don abincin manya kashi-kashi yake zuwa, yana son fili. Ya ce tun daren Juma'a ma zai fara share filin.

Ranar Asabar bayan azahar muka hau motar Alhaji. Na sa kwat ɗin da na saya a gwanjo, hannunta ya tsaya a gwiwar hannuna, amma wuyanta na manya ne. Hajiya ta ce sai Laure ta raka ta. Laure ta fito da wata jaka ƙatuwa.

"Me ke ciki?" na tambaya.

"Kayan mata."

Muna isa na ga abin da ban shirya ba. Ɗakin cin abincin bangonsa na gilashi ne, a waje kuma ga Tasi'u, ga mai nama, ga mai gawayi, ga direbobi uku, sun jeru a inuwar bango kamar masu jiran kallon ƙwallo.

"Mun zo rakiyar ɗan teku!" Tasi'u ya ƙwala.

Na ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Ciki sanyi kamar rijiya. Wani dogon garso mai farar riga da baƙin maɗauri a wuya ya tarbe mu. Alhaji ya turo leɓe ya saki bonjur ɗinsa, mutumin ya ɗan ja baya, sannan ya rusuna. Na lumshe wa Alhaji ido. Na nuna wa garso da yatsa abin da wasu Larabawa ke ci a teburin kusa, na zagaya hannu a kanmu, ma'ana a kawo mana irinsa. Ya gane nan take. Abin da ake kira iya yare ke nan.

Aka fara da salak: tumatir, dafaffen ƙwai, kifin gwangwani, zaitun a sama suna ƙyalli. Alhaji ya soki ƙwai ya kai baki. Ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya haɗa wuƙa da cokali ya kwantar, ya jingina, ya dubi sama. Mu ma duka muka yi.

Garso ya zo. Ya dubi farantan, ya dubi Alhaji, ya ɗaga gira.

"Merrrsi," in ji Alhaji, daga can ƙasan rijiya.

Garso ya tattara farantan huɗu ya yi gaba. Da ƙyar na cafke zaitun ɗaya na jefa a kunci.

Alhaji ya matso da bakinsa kunnena. "Ina zai kai?"

"Wannan gaisuwa ce kawai, Alhaji. Nuna maka ake yi suna da shi. Babban na tafe."

Babban kuwa ya zo. Gasasshen rago, haƙarƙari na naso, soyayyen dankali a gefe, ƙamshi har cikin ƙwaƙwalwa. Na ji cikin Alhaji ya yi wata mersi da ta fi ta bakinsa kyau. Ya yanki tsoka ƙatuwa, don ya fara wayo, ya tura. Ya haɗa ango da amarya. Ya dubi sama, idonsa ya kawo ruwa.

Garso ya zo, wannan karon a hankali, kamar mai tsoron taka wani abu. Ya nuna naman, ya yi wata tambaya da sauri wadda iskar na'urar sanyi ta hana ni ji sosai.

"Merrrsi."

Rago ya tafi.

A waje na ga mai nama ya dafe kai da hannu biyu. Tasi'u ya manna fuska a gilashi yana bin farantin da ido har ƙofar kicin.

"Illo," Alhaji ya raɗa, raɗar da teburi uku suka ji, "ragon nan da ya tafi, zai dawo?"

"Juyawa za a yi a gasa ɗaya gefen."

"Ya gasu."

"A idonmu, Alhaji. Su nasu ma'aunin daban."

Gaskiya a nan na fara ɗan shakka, amma malami ba ya nuna wa ɗalibi gumi. Abin da ya ba ni mamaki Hajiya. Tana zaune lafiya lau, fuska a sake, bakinta na ɗan motsi a bayan mayafi. Na ce a raina, ga ɗalibar ƙwarai, har yanzu bitar darasi take yi.

Daga kicin muka ji hayaniya, ana faɗa da Larabci, tukunya ta faɗi. Sai ga garso ya fito, gumi a goshi, da kaza a faranti. Bayansa wani gajeren mutum mai doguwar farar hula da gashin baki kamar tsintsiya ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Kukun gidan ne.

"Ka gani?" na raɗa. "Babban mai dafuwa da kansa ya fito ganin manya. Yanzu ne za a nuna tarbiyya."

Loma ɗaya. Ango da amarya. Sama. Mersi. Kaza ta bi rago.

Kuku ya cire hula ya buga da ƙasa. Ya shige ciki, ya fito da kansa ɗauke da akushin kuskus mai tururi, da kabewa da nama a tsibe, ya dangwara a gabanmu, ya tsaya a kanmu yana huci. Ya sumbaci yatsunsa, ya nuna abincin, ya bugi ƙirji. Duk masu cin abinci a ɗakin sun ajiye nasu suna kallo.

Alhaji ya ɗebi cokali guda ya kai. Ya rufe ido. Na taɓa ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur. Ya buɗe ido ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan haya a ƙarshen wata. Amma ya ajiye. Wallahi ya ajiye, Allah ya saka wa mutumin nan, ɗalibi ne na gaske. Mersin ce dai ta fito siririya kamar kukan ɗan akuya.

Garso ya dubi kuku. Kuku ya dubi sama. Garso ya miƙa hannu ya kama bakin akushi.

Alhaji ya kama ɗaya bakin.

Garso ya ja. Alhaji ya ja. Romo ya malale a kan farin zane. Kabewa ta gangara ta faɗa a cinyar Hajiya.

Na ga al'amari na neman lalacewa, lokacin tafinta ya yi. Na miƙe, na gyara kwat, na ɗaga hannu don in yi jawabin da zai kwantar da hankalin kowa. Na ɗaga kai sama in tono 'ra' mai kyau daga tushe. Na manta da zaitun ɗin da ke kuncina tun zamanin salak. Ya gangara ya zauna daidai inda Faransanci ke fitowa.

Ba shiga, ba fita. Na kama wuya. Na buɗe baki, abin da ke fita sai gurnani.

"Ku saurara," in ji Hajiya, "wannan darasin bai koya mana ba."

Laure ce ta gane. "Wayyo, ya shaƙe! Baban Raliya ya shaƙe!"

Kuku ya zagayo, ya tattara duk haushin ragonsa da kazarsa ya zuba mini a tsakiyar baya. Zaitun ya fita kamar harsashi, ya daki gilashi daidai goshin Tasi'u. Na ji ihun mutanen waje har ciki. Kafin in dawo hayyacina sun turo ƙofa sun shigo, wai taimako.

Alhaji kuwa bai saki akushi ba. Ya manta da dokar takalmi, ya daka tsawa da Hausar Damagaram tsantsa: "Kai, ɗan nan, sakar mini abincina! Tun daren jiya rabona da hatsi!"

Garso ya saki. Ya buɗe baki. "Alhaji, ashe Hausawa ne ku?"

Alhaji ya zaro ido.

"Kai ma kana ji?"

"Ni da aka haifa a Agadas? Khamisu sunana. Alhaji, don Allah me muka yi muku? Kun kusa sa a kore ni. Mutumin nan ya ce ni nake kawo abinci da mugun hannu."

"Mu muka yi maka ko kai ka yi mana? Duk abin da ka kawo sai ka gudu da shi!"

"Ai ku kuke sallamarsa! A nan in baƙo ya haɗa wuƙa da cokali ya kwantar a faranti, ya ce ya gama ke nan, a ɗauke. Na tambaya ma, ka ce mersi. Na zaci ba ya yi muku daɗi ne."

Kawuna suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya. Na yi gyaran murya, maƙoshin na zafi.

"Wannan tsarin Aljeriya ne," na ce. "Na Faransa daban. Da idona na ga Madam tana yi."

Laure ta ce, a hankali, "Baban Raliya, in Madam ɗin ta haɗa su ta jingina, kai me kake yi?"

"Ni? Sai in ɗauke farantin in je in wan…"

Ban ƙarasa ba. Mai gawayi ya zauna a ƙasa. Tasi'u ya rungume kuku yana dariya har da hawaye, kuku bai san me aka ce ba amma shi ma ya kama. Khamisu ya fassara masa, ya saki Tasi'u ya riƙe ciki.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ture wuƙa da cokali gefe, ya naɗe hannun riga, ya ce bismilla, ya zura hannu a kuskus. Kuku ya tafa masa, ya aika a dawo da rago da kaza. Sai da ya kai rabi sannan ya ɗago ya lura da matarsa.

"Hajiya, ke ba ki jin yunwa?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. Laure ta buɗe jakar kayan mata a kan tebur: kilishi, dambun nama, dabino, har da gorar fura. Tun tafiyar salak take miƙa mata ta ƙarƙashin zane.

"Ke kin san haka za ta faru?" Alhaji ya tambayi Laure.

"Ban san yadda za ta faru ba, Alhaji. Na dai san wanda ya shirya ta."

Alhaji ya lashe yatsa, ya nuna ta da shi. "Hajiya, ga wadda za ta raka mu Alje. In don Faransanci ne, ko'ina akwai ɗan Agadas. Ni mai jaka nake nema."

"Alhaji, ni fa?" na ce.

"Kai ma da aikinka. Ragona ya saba da muryarka, ka zauna ka kula da shi."

Sun tafi. Na raka su filin jirgi, na ɗaga kai hulata ta faɗi kamar kullum. Laure ta kira ni ta waya daga bakin teku, ta juya mini wayar in gan shi. Ruwa ne, ba laifi, amma a waya bai fi randa faɗi ba. Na ce ta gaishe shi, ta kuma cika wa mai gawayi kwalbarsa.

Da yake babu mai girki a gida, a shagon Tasi'u nake cin tuwon rana. Jiya ina cikin ci na ajiye cokali in sha ruwa. Kafin in sauke kofi kwanon ya bar gabana, Tasi'u na tsaye da shi a hannu, tsumman guga a kafaɗa, ya rusuna.

"Merrrsi," in ji duk majalisar.

Yau da hannu na ci, ɗayan hannun kuma yana riƙe da bakin kwano.